Mai Mita da Jif ɗin Auta

A layinsu babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Mai Mita ake ce masa, saboda shekara talatin da ɗaya da ya yi a ma'aikatar ruwa yana bin gidaje yana leƙa mita yana rubuta lamba. To tun ranar da ya yi ritaya mutanen layin suka shiga uku. Fankarka ta tsaya? Kafin ka nemo mai gyara, ga shi a ƙofar gidanka da sukundireba a aljihu. Rediyonka na shuu? Shi ne dai. Kuma duk abin da hannunsa ya taɓa, sai dai ka yi haƙuri ka sayi sabo. Amma kada ka kuskura ka nuna shakka, don zai zaunar da kai ya ba ka labarin ranar da ya gano fashewar bututu a ƙarƙashin kwalta da kunnensa kawai, injiniyoyi huɗu suna tsaye sun saki baki. A bara injiniyoyin uku ne.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ta gama karatun ungozoma ta yi shekara biyu tana jiran aiki. Sai ga takarda: an tura ta wani ƙaramin asibiti can cikin ƙauye, tafiyar awa uku, rabin hanyar babu kwalta. Takardar ta ce ta bayyana ranar Litinin ƙarfe goma na safe, wanda bai zo ba a ba wa na bayansa gurbin. Motar haya ba ta shiga can sai sau biyu a mako, kuma Litinin ba ta ciki. Shi ya sa yayanta da ke aiki a wani gari ya bar mata tsohuwar jif ɗinsa, mai shekara ashirin a duniya, fenti ya koɗe amma injin na ja.

Ranar Alhamis da safe Auta ta tayar da motar, sai ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar injin ta kama a dashbod. Motar kuma tana tsaye tana karkarwa, har madubi na rawa. Ta kashe ta sake tayarwa, fitilar na nan daram.

"Baba, bari in miƙa ta garejin bakin titi, Bakanike ya duba mini," ta ce.

Mai Mita yana kan benci a ƙofar gida yana shan shayi. Ya ajiye kofin a hankali, ya dube ta kamar ta zage shi.

"Wurin wa? Mutumin da in an kai masa mota sai ya tsaya ya karkata kai yana saurare? Wannan ai canke ne, Auta. Ina raye, ina zaune a gidan nan, ki ɗauki mota ki kai wa mai gyara da kunne?"

Wanzami, wanda shagonsa ke manne da katangar gidan, ya leƙo da reza a hannu. "Mai Mita, kai ba da kunne ka gano bututun nan ba?"

"Kunne ma iri-iri ne. Ka ji da kan da ke gabanka."

Ya shige ɗaki, ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya fito da wani abu a ƙunshe cikin safa. 'Yar na'ura ce baƙa, ba ta fi akwatin ashana ba, irin wadda ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta dinga aika wa waya abin da ke damun mota. Shekara biyu ke nan da ya saye ta, alhali ko keke ba shi da shi. Duk mai mota a layin in ya hango shi da safar nan sai ya tuna yana da uzuri a wata unguwa. Yau dai Allah ya kawo masa mota har gida.

Ya durƙusa ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, yana lalube. Sau biyu yana danna hon da ƙeya. Kafin ya fito, Tela ya baro keken ɗinkinsa ya zo kallo, matar Mai Mita, Maman Auta, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Wayar ta yi ƙara, lamba ta fito. Mai Mita ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya karanta da muryar nan tasa ta bakin aiki:

"Pi. Sifili. Ɗaya. Bakwai. Ɗaya."

"Ruwan ne ya ƙaru ko ya ragu?" in ji Wanzami.

Auta ta karɓi wayar ta duba. "Baba, wai iskar da ke shiga injin ta yi yawa, man da ke haɗuwa da ita ya yi kaɗan. Akwai sauran bayani a ƙasa, bari in..."

Ya warce wayar. "Bayani na 'yan koyo ne. Mu lamba muke karantawa." Ya yi ta danne-danne har yatsansa ya faɗa kan wani wuri da ke goge laifin daga ƙwaƙwalwar motar. Ya danna. Fitilar ta mutu murus.

Kai, zo ka ga tafiya! Mai Mita ya fito daga motar yana karkaɗe hannu, ya zagaya ta sau ɗaya, ya daddaki bonet. "Minti nawa? Tela, kai ne mai agogo, minti nawa? Da wurin wancan aka kai, sai ya kwance rabin injin ya ce a dawo jibi."

"Amma Malam, ai har yanzu tana rawa," in ji Maman Auta.

"Ke ma in aka yi miki allura ai ba nan take kike miƙewa ba."

Ranar Juma'a da hantsi Auta ta dawo daga sayo kayan tafiya, ta tsaya a gabansa da leda a hannu.

"Baba, ta dawo."

"Wa?"

"Fitilar."

Wani zai ji kunya. Mai Mita kuwa daɗi ya ji, don aiki ya samu. Ya ce ai dama jiya gwaji ya yi mata, yau ne za a shiga maganar sosai. Ya karɓi makulli ya jefa a aljihu, ya ce laifin kashi biyu ne, kuma ɗaya bayan ɗaya zai bi su. Mai ya yi kaɗan? To wannan ai ba ya buƙatar digiri. Ya sa Auta ta kai shi gidan mai, ya tsaya a kan mai zubawa yana cewa "ƙara, ƙara," har tanki ya cika ya tumbatsa ya jiƙa masa takalmi. Suka dawo gida yana warin fetur, fitilar na kallonsa.

"Saura kashi na biyu," ya ce wa Wanzami da Tela, waɗanda yanzu sun jawo benci sun zauna kamar masu jiran a fara wasa. "A ma'aikatarmu, in iska ta shiga layi, famfo ya dinga tari yana tofar da ruwa, me muke yi? Mu nemo inda take shiga mu toshe. Ruwa da mai ai duk abu ne mai gudu a bututu. Wanda ya iya ɗaya ya iya ɗaya."

Ya buɗe bonet, ya kwance murfin iyakilina, wato akwatin da ke tace iska kafin ta shiga injin. Ya leƙa, ya ga ƙofa a wangale, ya girgiza kai yana tsaki. Ga inda ɓarnar take! Ya duba dama ya duba hagu. Maman Auta ta shiga maƙwabta, Auta tana ɗaki tana guga. Ya lallaɓa falo, ya zuge zif ɗin matashin babbar kujera, ya yago soso cike da hannu biyu, ya juya matashin ya mayar yadda ba za a gane ba. Ya fito ya danna soson nan a bakin iyakilina, ya tura da gindin sukundireba har ya zauna.

Ya murza makulli. Injin ya tashi yana numfashi da ƙyar, Mai Mita ya taka totur, sai aka ji fut! Injin ya zuƙe wani ɓangare na soson ya haɗiye, ya yi tari biyu, ya mutu.

"Ta ci ta ƙoshi," in ji Tela.

"Allah ya sa ta sha ruwa," in ji Wanzami.

Mai Mita bai kula su ba. Ya zaro rabin abin da ya rage, ya bar rabi, ya ce awo ne bai daidaita ba. Motar ta tashi tana gurnani. Ya soka na'ura, sai ga lamba biyu maimakon ɗaya.

"Kun gani? Jiya magana ɗaya take yi, yau ta fara sakin baki. Ciwon da ya ɓuya ne yake fitowa."

Da yamma Maman Auta ta zauna a babbar kujera, sai ta ji ta nutse har katako ya taɓa ta. Ta tashi ta dubi kujerar, ta dubi mijinta.

"Malam, kujerar nan ta rame."

"Tsufa ne," ya ce, ya ƙara wa rediyo murya.

Asabar ce ta fi kowace. Da sassafe ya sake buɗe bonet yana bin babban bututun iska da yatsa, sai ya ci karo da wani ɗan abu baƙi a soke a jikinsa, da waya a maƙale. Ya nemo hotonsa a waya, aka ce masa shi ne ma'aunin da ke auna iskar da ke shiga injin. Mai Mita ya yi wani ihu har kaji suka watse.

"Mita! Ashe mita ce a ciki! Wanzami, fito ka ga ikon Allah, an kawo ni gidana!"

Wanzami ya leƙo. "To sai me?"

"Sai me? Shekara talatin da ɗaya, duk lambar da ta zo mini a karkace, mita ce ke ƙarya. Datti ya shiga, ta dinga juyi babu lissafi. Babu iskar da ta yi yawa. Sharri mitar nan take yi wa motar."

Ya kwance ma'aunin, ya leƙa cikinsa, ya ga wata 'yar waya siririya kamar gashi. Abin da masu aikin ko hura masa iska da baki ba sa yi, shi bawan Allah ya ɗebo ruwa a roba, ya zuba garin sabulu, ya samo tsohon buroshin haƙori, ya zauna ya dirje shi tas. Ya ɗauraye, ya shanya a kan katanga, ya tsaya yana korar ƙuda. Da ya bushe ya mayar, ya murza makulli.

Abin da ya fito daga salansa, wato bututun hayaƙin motar, ba a cewa komai. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe, iska ta kwashe shi ta kai kan igiyar da Wanzami ya shanya fararen tawul ɗinsa guda shida. Wanzami ya fito a guje, wanda yake yi wa aski ya biyo shi da rabin kai a aske, kumfa har kunne.

"Mai Mita! Kashe! Kashe, don girman Allah! Dubi tawul ɗina!"

"Dattin shekara ashirin ne ke fita! Ka gode ma da ka gani da idonka!"

"A kan kayana zai fita? Wa zai yarda in ɗora masa wannan a wuya?"

"Ai baƙin tawul ya fi ɓoye gashi."

"To Allah ya isa tsakanina da mitarka!"

Mai rabin aski ya ce shi dai a ƙarasa masa, yana da wurin zuwa. Suka koma suna tari. Mai Mita ya zauna a motar shi kaɗai, ya soka na'ura. Lamba biyar. Ya goge, fitila ta mutu, kafin ya gama murmushi ta dawo. Ya sake gogewa, ta sake dawowa. A nan ne fa gumi ya karyo masa, don gobe Lahadi, jibi Litinin, kuma dabararsa ta ƙare. Garejin Bakanike na nan bakin titi, tafiyar minti biyar. Ya tuna bencin nan da mutum biyun da ke zaune a kai, ya ji ba zai iya ba. Ya buɗe aljihun mota, ya ga baƙin salatif na masu wayar lantarki. Ya yanki ɗan ƙarami ya manna a kan gilashin dashbod, daidai inda fitilar take, ya goge da bakin riga.

Da la'asar Maman Auta ta tsare shi a tsakar gida. "Malam, ka ba yarinyar nan makulli ta kai motar gareji kafin a rufe shaguna. Aikinta ne fa. Shekara biyu."

"Ta je ta duba dashbod tukuna."

Auta ta fita ta tayar da motar. Hayaƙin ya ɗan ragu, dashbod kuwa baƙi wuluk, babu fitila. Ta fito da fara'a, ta rusuna a gabansa.

"Baba, ka yafe ni. Wallahi na yi maka mummunan zato, na ɗauka ba za ka iya ba. Na gode."

Maganar nan ta soke shi har cikin ciki. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya hango Wanzami da Tela sun miƙo wuya suna saurare. Abin da ya fito daga bakin nasa shi ne: "Ai ba komai, 'yata. Gobe da safe ma za mu fita gwaji, duk mai shakka ya zo ya shiga, kujera kyauta ce."

Suka kuwa zo. Lahadi da hantsi Auta ta kama sitiyari, Mai Mita a gefenta ya sha babbar riga, waya a hannu. Maman Auta, Wanzami da Tela suna baya. Motar ta fita daga layi tana zabura tana tsayawa, kawunan mutanen baya na gaisawa da juna.

"Haka ake so," in ji Mai Mita. "Tana gwada ƙarfinta ne."

"Ni ma tana gwada nawa," in ji Tela, ya riƙe ƙofa da hannu biyu.

Rana ta buɗe, ta doki gilashi, dashbod ya ɗauki zafi. Mai Mita ya saci kallo, ya ga gefen salatif ya fara ɗagowa. Ya shiga nuna wa Auta gine-gine. "Dubi wancan bene, Auta, yaushe aka gina shi? Dubi can, dubi can!" Suna shiga babban shataletale, inda hanya huɗu ta haɗu, salatif ya nannaɗe kansa, ya saki, ya faɗo a kan cinyar Auta. Fitilar ta bayyana tana haske abinta.

Auta ta dubi salatif, ta dubi fitila, ta dubi ubanta. "Baba?"

Kafin ya haɗa amsa, salansa ta yi wata ƙara, tau! Mai sayar da lemo a gefen titi ya watsar da tire ya kwanta. Motar ta yi shaƙuwa ta mutu a tsakiyar shataletale, ta tare hanya biyu. Hon ya kaure ta ko'ina. Wani direban babbar mota ya leƙo yana tambaya ko gadonsu ne titin. Ɗan sandan hanya ya taho yana busa usur, yana toshe hanci da ɗaya hannun.

"Ku tura ta! Ku fitar mini da ita daga nan!"

Haka Mai Mita ya naɗe babbar riga a kafaɗa, shi da Wanzami da Tela suka kama turi, Maman Auta na biye da jakarta tana watsa wa mijinta harara wadda ta fi zagi ciwo. Kuma abin haushi, gangaren hanyar babu inda ya nufa sai ƙofar garejin Bakanike. Masu kallo suka biyo su har ciki.

Bakanike gajeren mutum ne marar yawan magana, yana zaune yana wanke sifana a cikin kwano. Ya taso ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya taɓa ta?"

Duk idanu suka tafi wuri ɗaya. Bakanike ya kwance iyakilina, ya zura hannu, ya zaro soso ya ɗaga sama. Ya sake zurawa ya zaro wani. Maman Auta ta matso, ta karɓa, ta juya shi a hannu, ta ga zaren yadin kujerarta a jiki.

"Tsufa ne, ko Malam?"

Gareji ya ɗauki dariya. Bakanike bai yi ba. Ya jawo wani tsohon gwangwanin fenti mai tiyo a murfi, ya kunna tsumma a ciki ya rufe, ya haɗa tiyon da bututun iskar motar, ya dinga tura hayaƙin da famfon keke. Can sai ga wani siririn hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin babban tiyon roba, inda ya lanƙwasa. Bakanike ya murɗa tiyon ya nuna: tsagewa ce, ba ta fi tsawon farce ba.

"Ga ciwon. Roba ta tsufa ta tsage. Iska na shiga ta nan, bayan an wuce ma'auni. Ma'aunin bai san da ita ba, sai a aiko fetur daidai iskar da ya gani. Shi ke nan."

Mai Mita ya dafe kai. "Haɗin sata! A bayan mita! Wallahi haɗin sata ne! Shekara talatin da ɗaya ina kama masu yin sa!"

"Wannan dai ya tsere maka," in ji Wanzami. "Ka kama mita ka yi mata wanka, ɓarawo na gefe yana kallo."

Bakanike ya ciro ma'aunin ya leƙa, ya shinshina, ya ji ƙamshin sabulu. Ya ajiye shi a hankali. "Da Alhamis aka kawo, aikin minti goma ne. Yanzu ma'auni ya mutu, fulogi duk sun yi baƙi, soso ya shiga har maƙogwaron injin. Masu sayar da kayan mota kuma ba sa buɗewa sai gobe ƙarfe tara."

"Ƙarfe bakwai ya kamata in kama hanya," in ji Auta. Ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suka fara rawa.

Dariya ta ɗauke. Mai Mita ya tsaya da babbar riga duk baƙin mai, yana kallon bayan 'yarsa, ya ji duniyar ta yi masa zafi. Ya taka har gaban mutumin da ya ce canke yake yi, ya cire hula a gaban kowa.

"Ni na ɓata. Ni kaɗai. Don Allah ka taimaki yarinyar nan, kada ta rasa aikinta saboda ni."

Bakanike ya sosa gemu. "Akwai irin motar nan a bayan gareji, ta yi hatsari, injin lafiya lau. Zan ciro ma'auni da tiyo a can. Amma da sharaɗi."

"Faɗi ko mene ne."

"Ka zauna a bencin can. Ka zauna a kan hannuwanka. Kada in ji bakinka sai na rufe bonet."

Wallahi da duka aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Awa huɗu Mai Mita yana zaune a kan tafin hannunsa, yana kallon ana aiki ba da shi ba. Duk sifanar da Bakanike ya ɗauka sai leɓensa ya motsa. Sau ɗaya ya kai ga cewa "Da ni ne..." sai Maman Auta ta yi gyaran murya, ya haɗiye sauran. Wanzami har shago ya ƙi komawa, wai irin wannan rana ba ta zuwa sau biyu.

Can Auta ta zo ta zauna kusa da shi, idanunta sun yi ja.

"Baba, salatif fa? Da a daji ta mutu da ni?"

Ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada Bakanike ya ji. "Na yi wauta, Auta. Tun da na bar aiki babu mai tambayata komai a gidan nan, sai dai a ce Baba ka ci, Baba ka huta. Ke kaɗai kika rage, ke ma ga shi za ki tafi. So na yi a ce da hannuna na gyara abin da ya kai ki."

Auta ta share ido da gefen mayafi. "To ai ga shi ka gyara ta har ta zo gareji."

Ya dube ta, ya ga tana danne dariya, sai shi ma ta kufce masa. Bakanike ya ɗago kai daga injin, suka yi tsit su biyun.

Kafin rana ta faɗi aka rufe bonet. Motar ta tashi da murza ɗaya, tana aiki sumul, ko kofin shayi ka ɗora a kanta ba zai zube ba. Dashbod babu fitila, kuma sai da Maman Auta ta sa farce ta kankara gilashin kafin ta yarda.

Litinin ƙarfe bakwai saura kwata, layin duk an fito. An loda akwatuna, an ɗaure katifa a sama. Auta ta rusuna ta yi wa iyayenta sallama, ta shiga ta tayar. Mai Mita yana tsaye hannu a baya, ya yi alkawarin ba zai ce komai ba. Sai kansa ya fara karkata. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, kunne na nufar bonet.

"Auta, ɗan dakata. Kamar ina jin wata 'yar ƙara can ƙasa. Buɗe mini in..."

Maman Auta ta cafke hannun dama, Wanzami ya cafke na hagu, Tela ya rungumo shi ta baya. Layin gaba ɗaya, har da matan da ke leƙe ta taga, suka haɗa baki:

"Auta, tafi!"

Ta taka totur tana dariya tana hawaye. Mai Mita ya yi ta fizge-fizge yana cewa su sake shi, ba bonet zai taɓa ba, hannu kawai zai ɗaga wa 'yarsa. Babu wanda ya yarda. Da ya ga motar ta kai bakin layi za ta sha kwana, sai ya daina kokawa, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa:

"Allah ya kai ki lafiya, Autata! Ki riƙe musu jariran da kyau!"

Hon ya amsa sau biyu daga bayan kwana. Sai a lokacin suka sake shi, Wanzami ya ciro tawul daga kafaɗa ya miƙa masa ya goge fuska.